Kaifin Baki, Kaifin Inji

 Ina gaida mutanen Zawaciki da Panshekara da Kumbotso. Ina gaida waɗanda suka taso daga aiki a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Gaisuwa ta musamman ga masu aikin kwana, waɗanda ke ji na da rabin kunne saboda ƙarar inji.

Ran nan da sassafe ina zaune a teburin mai shayi a ƙofar wani kamfani, masu kwana suna fitowa, masu safe suna shiga. Wani ya tambayi abokinsa, "Yaya aiki?" Shi kuwa ya kurɓi shayi, ya ce, "Aiki lafiyarsa ƙalau, albashi ne dai yake jinya." Teburi ya kwashe da dariya, har da foman da ke tsaye yana jiran a soya masa ƙwai. Da mutumin nan takarda ya rubuta ya kai ofis ya ce an yi wata biyu ba a biya su ba, wataƙila da yanzu yana gida. Amma ya faɗa, kowa ya ji, wanda aka yi domin shi ma ya ji, kuma babu inda za a kama shi. Wannan muke kira gugar zana. Yau zan kawo muku labarin wani Bature da ya mayar da gugar zana sana'a har shekara sittin, sarakuna suna tsoron bakinsa kamar yadda ake tsoron bakin mawaƙi.

Sunansa na yanka Faranswa Mari Aruwe, an haife shi a birnin Paris na ƙasar Faransa a 1694. Duniya ta san shi da sunan da ya raɗa wa kansa, wanda ake rubutawa Voltaire, a baki kuma a ce Bolter. Yana cikin manyan masana na zamanin da Turawa ke kira zamanin wayewar kai, lokacin da suka fara ɗora komai a kan ma'aunin hankali, har da sarauta da coci. Ya mutu a 1778. Don ku gane lokacin da kyau, sa'ad da ya mutu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da fara wa'azi ba.

Bari in share wuri ɗaya tun kafin a yi nisa. Bolter ba malaminmu ba ne. Ya yarda akwai Mahalicci, amma ya yi faɗa da cocin ƙasarsa har ƙarshen ransa, kuma bakinsa bai bar sauran addinai ba. Ya rubuta wani wasan kwaikwayo da aka fara nunawa a 1741 wanda ya ci mutuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga baya a littafinsa na tarihi ya yaba ilimin Musulmi na da, amma wannan bai wanke wancan ba. Ba aƙidarsa muka zo ɗauka ba. Mun zo kallon yadda ya karanci halin ɗan Adam, da abin da bakinsa ya jawo masa.

Abin da ya fara jawo masa shi ne kurkuku. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, a 1717, aka zarge shi da yi wa mai riƙon sarautar Faransa zambo a waƙa, aka kulle shi a kurkukun Bastil wata goma sha ɗaya. Bai yi hankali ba. A farkon 1726 wani ɗan gidan sarauta mai suna Rohan ya yi masa gori a bainar jama'a, wai wane ne shi, mai suna biyu, ba asali. Bolter ya mayar masa da abin da ma'anarsa ita ce: ni yanzu nake fara gina sunana, kai kuwa naka kake rushewa. Bayan 'yan kwanaki yana cin abinci a gidan wani babban basarake da yake ɗauka abokinsa ne, aka ce ana sallama da shi a waje. Yana fitowa barorin Rohan suka rufe shi da sanduna, maigidansu na zaune cikin keken doki yana kallo. Ya koma ciki da tufafi a yage, ya roƙi mai masaukinsa ya raka shi kai ƙara. Basarake ya noƙe. Ai ba zai ɓata da ɗan'uwansa mai sarauta saboda ɗan akawun kotu ba, komai daɗin hirarsa. Da Bolter ya fara neman ramuwa da takobi, shi da aka doka shi aka sake kullewa a Bastil, sannan aka sake shi bisa sharaɗin ya bar ƙasar.

Ku riƙe wannan dukan, don shi ya sauya mutumin. Kafin ranar, ba'arsa ta fada ce, irin wadda ake yi don manya su yi dariya su ba da tukuici. A ranar ya gane cewa ana son mai ban dariya a zaure, amma ba a ƙirga shi cikin 'yan gida.

Ya tafi Ingila ya yi sama da shekara biyu. Abin da ya gani ya rubuta shi a wasu wasiƙu da suka fito da Faransanci a 1734, hukuma kuma ta sa aka ƙone littafin a bainar jama'a. Akwai wuri ɗaya a ciki da duk ɗan Kano zai gane. Ya kwatanta kasuwar hada-hadar kuɗi ta Landan, inda Bayahude da Musulmi da Kirista ke ciniki da juna cikin amana, ya nuna cewa a wannan fili mutum ɗaya kawai ake ƙyama, shi ne wanda ya karye ya kasa biyan bashi. Ku shiga Kantin Kwari ko Singa ku ga ko ba haka ba ne. Ku dubi cikin kamfanonin nan namu: mai kamfani ɗan Lebanon ko ɗan Sin ko ɗan Indiya, injiniya daga Kudu, lebura daga ƙauyen Kano ko Jigawa ko Nijar, inji ɗaya ya haɗa su. Bolter yabo yake yi, amma da ƙaya a ciki: mutanen da ba za su iya zama lafiya don Allah ba, ga shi sun zauna lafiya don riba. Kusan a daidai wannan lokaci, Tarihin Kano ya nuna Sarki Kumbari ya matsa wa kasuwar Kurmi da haraji har fatake suka riƙa komawa Katsina. Ciniki ba ya zama inda aka matsa masa, ko a can ko a nan.

Yanzu ga inda nake so mu zauna.

Ranar 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, ƙasa ta girgiza a Lisbon, babban birnin Fotugal. Ranar idi ce ta Kiristoci, majami'u cike. Gine-gine suka rufta, teku ta yi ambaliya, wuta ta ci abin da ya rage kwana da kwanaki. Dubban mutane suka mutu. A lokacin akwai wani ra'ayi da ke tashe tsakanin masanan Turai, wanda ya samo asali daga wani Bajamushe mai suna Laibniz, cewa duniyar nan yadda take ita ce mafi kyawun tsarin da zai yiwu, kowace ɓarna tana da gurbinta a cikin alherin gaba ɗaya. Bolter ya ji ana faɗa wa masu tono gawar 'ya'yansu irin wannan magana, abin ya tsaya masa a wuya. A 1759 ya fitar da ɗan ƙaramin littafin labari mai suna Kandid.

Kandid yaro ne mai farar zuciya, abin da aka gaya masa shi yake ɗauka. Malaminsa, Fangulos, ya koya masa cewa komai daidai yake. Sai Bolter ya ɗauki malami da ɗalibi ya yi ta wurga su cikin masifa: kora daga gida, aikin soja na dole, bulala, cuta, nutsewar jirgi, girgizar ƙasar Lisbon ita kanta. Bayan girgizar, manyan gari suka yanke cewa maganinta shi ne a ƙone wasu mutane a gaban jama'a. Aka ƙone, aka rataye Fangulos, aka zane Kandid, a ranar kuma ƙasa ta sake girgiza. Fangulos bai mutu ba, igiyar ba ta ɗauru da kyau ba. Ya sake ɓullowa a gaba, a wahalce, ya rasa ido ɗaya da kunne ɗaya tun da farko, amma yana nan a kan bakansa, wai malami ba ya warware maganarsa. Mai karatu yana dariya, can sai dariyar ta maƙale masa, don ya tuna ya san Fangulos. Wataƙila ma shi ne.

Ni na taɓa haɗuwa da shi a Sharaɗa. Kafin in shigo aikin rediyo na yi shekara biyu a wani kamfanin roba. Akwai injin da ke niƙa tsohuwar roba, bokitai da kujeru da suka fashe, yana mayar da su ɓarɓashi. Bakinsa yana da murfin ƙarfe na kariya, amma murfin yana rage sauri, sai aka kwance shi aka jingine a bango. Ya daɗe a nan har ana rataya riga a jikinsa. Wani dare, wajen ƙarfe uku, roba ta cushe. Wani yaro da bai fi wata biyu da zuwa daga ƙauye ba ya sa hannu zai tura ta. Ba ihunsa na fara ji ba, canjin ƙarar injin na fara ji. Yatsu biyu suka tafi. Muka naɗe hannun da rigarsa, aka yi ta neman mota.

Da safe babba ya zo, ya tara mu, ya yi dogon jaje, ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Kowa ya sunkuyar da kai, don wa zai yi musu da ƙaddara? Sai wani dattijo a cikinmu, mai shara, ya ce a hankali, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe, ƙaddara ce. Ita ce ma ta zo da sufana ta kwance murfin." Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Babba ya yi kamar bai ji ba. Amma kafin azahar an mayar da murfi.

Dattijon nan bai taɓa jin sunan Bolter ba, kuma ya fi shi imani nesa ba kusa ba. Bai ƙaryata ƙaddara ba. Abin da ya ƙi shi ne a mayar da ita bargon rufe sakaci. Malamanmu sun daɗe da raba tawakkali da sakaci, sun koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a dogara ga Allah. Mu ma da bakinmu muke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Amma ku lura da wanda ya fi saurin ambaton ƙaddara in an yi ɓarna a wurin aiki. Sau da yawa ba mai ciwon ba ne, wanda za a tambaya ne.

Tun da shirin faɗakarwa ne, bari in ajiye muku wannan. Dokar masana'antu ta ƙasar nan ta wajabta a killace duk sashen inji mai haɗari. Akwai kuma dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta ce masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, don a biya wanda ya ji rauni ko ya naƙasa a bakin aiki, ko iyalinsa in ya rasu. Kuɗin magani da 'yan canjin da ake damƙa wa mutum a hannu a ce ya je ya huta, ba su ne diyya ba. In abu ya faru, a sanar da kamfani a rubuce da wuri, a ajiye takardun asibiti, a nemi ƙungiyar ƙwadago.

A cikin Kandid akwai wurin da ya fi kowanne nauyi, kuma ya shafe mu. A ƙasar Surinam, Kandid ya tarar da wani baƙar fata bawa a kwance a bakin hanya, ba hannu ɗaya, ba ƙafa ɗaya. Hannun, injin matse rake ne ya kama yatsa aka sare shi. Ƙafar kuwa ladan yunƙurin gudu ce. Ta bakin wannan bawa Bolter ya tuna wa Turawa abin da ke bayan sukarin da suke zubawa a kofi. A nan ne Kandid ya yi kuka, ya fara juya wa koyarwar malaminsa baya. Duk wanda ya taɓa bi ta gefen magudanar da ruwan jima ke fita daga kamfanonin fata ya gangara kogin Challawa, ya shaƙi warin, sannan ya tuna cewa fatar nan za ta zama takalmi mai tsada a wani kanti a Italiya, ya san irin lissafin da ake nufi.

To amma laifi tudu ne. Wannan Bolter ɗin da ya rubuta kukan Kandid, shi ne a wasu littattafansa ya rubuta maganganun ƙasƙanci game da baƙar fata, yana ɗaukar mu wani jinsi na ƙasa. Attajiri ne kuma, ya zuba dukiya a cinikin teku na zamanin da bauta ke cikin jininsa. Ya hango girman kan sarakuna da na limaman coci tun daga nesa, nasa kuwa yana tsaye a kai. Gwano ba ya jin warin jikinsa, ko da gwanon ya iya Faransanci.

Wani ɗan guntun misali kafin mu wuce. A 1757 Ingila ta harbe wani babban hafsan sojan ruwanta mai suna Bing, wai bai yi iya ƙoƙarinsa a yaƙi ba, alhali gwamnati ce ta tura shi da jiragen da ba su isa ba. Bolter ya saka abin a Kandid, ya mayar da shi kamar wata al'ada ta Ingilishi: lokaci-lokaci a kashe babba ɗaya don saura su ƙara himma. Duk wanda ya taɓa ganin an kori mai gadi saboda kayan da aka fitar da babbar mota ta ƙofar gaba, ba ya bukatar ƙarin bayani.

Abin da ya sa ban ɗauki mutumin nan ɗan ba'a kawai ba, shi ne abin da ya yi da tsufansa. A Oktoba 1761, a garin Tulus, aka tsinci gawar ɗan wani mai sayar da yadi, Jan Kalas, a shagon gidansu. Kalas ɗan wata ɗarika ce ta Kirista da ba a so a garin. Nan take jita-jita ta tashi a titi cewa uban ne ya kashe ɗan don kada ya sauya ɗarika. Ba shaida, sai an ce, an ce. Kotu ta bi bakin taro. A Maris 1762 aka kakkarya dattijon a gaban jama'a aka kashe shi, yana rantsuwa bai yi ba. Bolter bai san shi ba, ba ɗarikarsu ɗaya ba. Ya bincika, ya gamsu an yi zalunci, ya ɗauki nauyin iyalin, ya biya lauyoyi, ya yi ta aika wasiƙu ga duk mai faɗa a ji a Turai, ya rubuta littafi a kan haƙuri da bambancin addini a 1763. Shekara uku cur yana abu ɗaya. A Maris 1765 aka wanke sunan Kalas. Mu da muka san abin da ihun "ɓarawo!" ke iya yi a cikin minti biyar, da abin da saƙo ɗaya na WhatsApp ke iya tayarwa a unguwa, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Af, tun da na ambaci WhatsApp. Akwai maganar nan da ake yawo da ita da hoton Bolter, ta kare haƙƙin mutum ya faɗi ra'ayinsa ko da ba ka yarda da shi ba. Ba shi ya faɗa ba. Wata marubuciya 'yar Ingila ce, Ebelin Hol, ta tsara ta a 1906 tana kwatanta halinsa. Mai kaifin baki ko bayan ransa ana ɗora masa kaya, kamar yadda duk labarin wayo a wurinmu ake jingina shi ga Gizo.

Shekarun Bolter ashirin na ƙarshe ya yi su a Farne, wani ɗan ƙauye a bakin iyakar Faransa da Janeba. Ya zaɓi wurin ne don in an biyo shi ta nan ya tsallaka can. Ya tarar da 'yan gidaje kaɗan da fadama mai sauro. Ya sa aka janye ruwa, ya gina gidaje, ya kafa masaƙar safa ta siliki da wurin ginin tukwane. A 1770 da rikici ya koro maƙeran agogo daga Janeba, ya karɓe su, ya ba su muhalli da jari, sannan ya zama dillalinsu da kansa: ya riƙa cusa tallan agogo a cikin wasiƙunsa ga jakadu da sarakuna, har sarauniyar Rasha ta saya. Kafin ya mutu ƙauyen ya zama gari mai mutum wajen dubu. Masani mai gugar zana ya ƙare a mai masana'anta, yana lissafin albashi. Ina son in san me leburorinsa ke faɗa a kansa a nasu teburin.

A ƙarshen Kandid ma wurin da ya kai mu ke nan. Bayan duk yawon duniya, ba wani shehin malami ne ya kwantar wa Kandid da hankali ba. Wani dattijo ne Baturke, Musulmi, mai 'yar gona a bayan Istanbul, wanda bai ma san sunan wazirin da aka kashe a birni ba, shi da 'ya'yansa suna noma abin da za su ci su sayar. Ya ba baƙinsa abin sha mai sanyi, ya nuna musu cewa aiki ne ke kore masa zaman banza da mugun hali da babu. Masana har yau suna gardama ko Bolter cewa yake kowa ya kama gabansa, ko kuwa cewa yake a daina surutu a gyara abin da hannu zai kai. Ni dai na ga mutumin da ya rubuta wannan shi ne bayan shekara uku ya tsoma baki a shari'ar Kalas, wadda ba gonarsa ba ce.

Ya koma Paris a Fabrairu 1778 bayan shekara ashirin da takwas rabonsa da ita. Jama'a suka yi masa tarba irin ta sarki. Ya mutu ranar 30 ga Mayu yana da shekara 83. Saboda tsoron kada coci ta hana shi kabari, 'yan'uwansa suka zaunar da gawar a keken doki kamar mai rai, suka fita da ita daga birni da dare suka binne a wani wuri. A 1791, bayan ɓarkewar juyin juya halin Faransa, aka dawo da ƙasusuwansa Paris da gagarumin biki, aka kwana da akwatin a kan kufan Bastil, wadda jama'a suka rushe shekara biyu kafin nan.

Lokacinmu ya cika. Yaron nan na Sharaɗa, na gan shi bara a kusa da tashar tsandauri ta Dala da ke nan Zawaciki, yana tuƙa Adaidaita Sahu da yatsu takwas. Na tambaye shi labarin dattijo mai shara, ya ce ya rasu, Allah ya jiƙansa. Masu kwana, a duba murfi kafin a kunna.